Bawan Rum Da Ya Fi Ubangidansa Wayo

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya mu leƙa tarihi, ta ƙofar wani tsohon fim na barkwanci.

A shekarar 1966 darakta Richard Lester ya fitar da fim mai suna A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, wato wani abin dariya ya faru a hanyar zuwa dandali. Labarin a tsohon birnin Rum yake. Wani saurayi, Hero, ya kamu da son Philia, kuyangar da ke hannun kawalin da ke maƙwabtaka da su, ga shi an riga an sayar da ita ga wani soja mai cika baki. Sai bawan gidansu, Pseudolus, wanda Zero Mostel ya fito a matsayinsa, ya ce zai samo masa ita, amma da sharaɗin a 'yanta shi. Daga nan sai ƙarya kan ƙarya: ga tsoho mai budurwar zuciya yana bin yarinya, ga namiji an sa masa kayan mata ya kwanta a matsayin gawa, ga zantukan batsa a lulluɓe.

Mai kallo zai ɗauka 'yan fim ne suka ƙirƙiro wannan shaƙiyanci. Ko kusa. Fim ɗin ya fito ne daga wasan dandamali na 1962 wanda Stephen Sondheim ya yi wa waƙoƙi, shi kuma an ɗebo shi daga wasannin Plautus, marubucin Rum da ya mutu wajen shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kawali, soja mai alfahari, tsoho mara kunya, duk nasa ne. Wasansa mai suna Pseudolus an nuna shi a Rum tun shekara ta 191 kafin Miladiyya, a wani bikin addininsu. Dabararsa ita ce ya kai labarin birnin Atina, ya sa wa 'yan wasa tufafin Girkawa, don Rumawa su sha dariya kamar ba da su ake ba.

To me mutanen zamani suka ƙara? 'Yanci. A wasan Plautus bawan bai nemi a 'yanta shi ba. Ya yi wa kawali wayo, ya ci kuɗin ubangidansa, ya sha giya ya bugu, ya kuma ci gaba da zama bawa. Kamar Gizo ne a tatsuniya: ya damfari manya, mu yi dariya, amma sarauta tana nan inda take. A dokar Rum bawa dukiya ne, kuma ko a cikin wasannin ana yawan yi masa barazanar bulala da gicciye. Ba wasa ba ne kuwa, domin a shekara ta 71 kafin Miladiyya, bayan an murƙushe tawayen Spartacus, bayi wajen 6,000 aka gicciye a gefen hanyar da ta tashi daga Kapuwa zuwa Rum.

Ita kuma Philia fa? A ƙarshen fim an gano 'ya ce, 'yan fashin teku ne suka sace ta tana ƙarama, sojan nan ma ɗan'uwanta ne. Mahaifinsu shi ne tsohon da Buster Keaton ya fito a matsayinsa, wanda ya rasu a Fabrairun 1966 kafin fim ɗin ya fito. Wannan mafita ma irin ta Plautus ce. Ku lura, jama'a: ta kuɓuta ne don an gano asalinta, ba don wani ya ce cinikin mace laifi ba ne. Da a ce a bauta aka haife ta, da ciniki ya faɗa.

Saboda haka idan muna muhawarar batsa a adabi, kada mu tsaya kan kalma kawai. Mu tambayi wa ake yi wa dariya, kuma wa aka bari cikin ƙangi bayan an tashi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.