Samanja da Hausar Bariki

Masu nazarin wasan kwaikwayon Hausa sun fi mayar da hankali kan jarumi, su tsallake ɗan wasan da ya shafe shekaru yana fitowa a kama ɗaya. A ganina an tauye wa irin wannan ɗan wasa haƙƙinsa, kuma hujjata ita ce Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023.

Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara ta yanzu. Ya yi soja, ya yi aikin rediyo, sannan ya haɗa biyun a Samanja Mazan Fama, shirin da ya karaɗe Arewa daga Kaduna, inda yake fitowa a matsayin Samanja. Kakinsa da tsawarsa kowa zai iya arowa. Abin da ya gagari masu kwaikwayonsa shi ne bakinsa: Hausar bariki, wadda ke cakuɗe da buroka, ba ruwanta da bambance namiji da mace a jimla.

Hollywood ta yi nata irinsa. Sig Ruman, haifaffen Hamburg a 1884, ya ci abinci da karin harshensa na Jamusanci, har ya fito a saje Schulz a fim ɗin Stalag 17 na 1953. Amma shi dariyar baƙo ake yi masa, sau da yawa ma na abokin gaba.

Samanja kuwa a gida yake. A dubi kudancin kogin Kaduna na wancan zamani: masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, masana'antar makamai ta DICON ta biyo a 1964, Peugeot a 1975. Bajju da Tibi da Idoma da Yarabawa suna layi ɗaya a bakin get, suna haya gida ɗaya a Makera ko Nasarawa, kuma da wannan Hausar suke cinikin tumatir, da ita suke faɗa a bakin famfo. Idan Samanja ya buɗe baki, muryar maƙwabcinsu suke ji.

Za a iya cewa shirin ya koya wa yara gurɓatacciyar Hausa. Ban yarda ba. Karin harshe ne mai ƙa'idarsa, wanda marubutan boko ba su damu da rubuta shi ba. Ga shi kuma masaƙun sun rufe, rikicin da aka yi a Kaduna a 2000 ya raba mazauna garin gida biyu, kogi a tsakani. Don haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su nemi faya-fayen Samanja da suka rage, su juye su a rubuce tun kafin su lalace.