Gaggafar Manoma: Tarihin Jirgin Dornier 28 A Kaduna

Cikin jiragen saman da suka yi zamani a sansanin mayaƙan sama na Kaduna, can wajen Kawo da Mando, da wuya a sami wanda ya kai Dornier 28 baƙuwar ƙira. Kowa ya san injin jirgi a hanci yake zama, ko kuwa a jikin fiffike. Shi wannan, fiffikensa na bisa kai, injinansa biyu kuwa an maƙala su ƙasa-ƙasa a kan waɗansu guntayen fukafukai, dama da hagu da mazaunin direba, ƙafafunsa na ƙarƙashinsu, ba sa naɗewa.

Kamfanin Dornier na Jamus ta Yamma ne ya ƙera shi. Asalinsa Dornier 27 ne mai inji ɗaya, aka cire injin hanci aka sa biyu a gefe, ya fara tashi cikin 1959. A 1966 aka fito da babbansa mai suna Skyservant, mai gangar jiki kamar akwati, yana ɗaukar fasinja wajen goma sha biyu. Sojojin Jamus, don ba'a, suka laƙaba masa sunan da ke nufin gaggafar manoma.

To, amma munin nan da dalilinsa. Da yake babu abin da ya tare fiffike, iska na ɗaga shi sosai, sai ya tashi ko ya sauka a ɗan gajeren fili ko da ba kwalta. Makanike kuma yana tsaye a ƙasa zai kai hannu ga inji. Ba shi da sauri, ga ƙara, amma akwai juriya.

Yaya aka yi ya zo mana? Lokacin da aka kafa rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya a 1964, Jamusawa ne suka horar da ita, har shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Ta nan jiragen Dornier suka shigo. A shekarun 1980 rundunar ta ƙaro sabon samfurinsa, wato Dornier 128. Kamfanin da aka sani da DANA, a tsohon filin jirgin Kaduna, shi ya riƙa gyaransu, kuma nan ne aka harhaɗa jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, a bakin Kawo 'ya'yan ƙasar nan suka koyi kwance jirgi da ɗaura shi. Waɗanda suka yi wannan aiki tsufa ya cim musu, kuma in suka tafi da abin da suka sani, shi ke nan. Mu marubuta mun cika takardu da labarin jirgin da ya kai masoya Landan. Ya kamata mu nemi dattawan nan, mu zauna da su da biro da takarda tun suna iya ba da labari.