Alkama da wuta: nazari kan curin burodin gida mai ganye a ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a 'Yargoje ya san burodi baƙo ne da ya zama ɗan gari. Ana cin sa safe da dare, amma da wuya a ji an gasa shi a cikin gida. Uwargida za ta soya funkaso, ta toya waina, ta yi alkaki, sai dai in an zo kan burodi a aiki yaro ya sayo. Wannan nazari ya duba ƙananan curin burodi da ake cuɗawa da ganyen ƙamshi, da abin da ya hana su zama abincin gida a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A ganina, ganyen shi ne mai sauƙi. Wuyar aikin na ga alkama da wuta.

Sunayen kansu sun ba da tarihi. Alkama da gurasa daga Larabci suka shigo, burodi da fulawa kuwa daga bakin Turawa. Gurasar Kano, wadda ake manna wa a jikin tanderu, ta daɗe a hannunmu, kuma ta nuna wata ɗabi'a: Bahaushe a waje yake sa wa gurasa ɗanɗano. Sai ta gasu a barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji, a yanka albasa, a zuba man gyaɗa. Burodi mai ganye ya juya tsarin, ya tura ƙamshin cikin ƙullin tun kafin wuta ta taɓa shi.

Wannan juyin yana da ƙa'ida. Lawashin albasa da na'a-na'a da garin zogale da habbatus sauda ba su cika damun yis ba, ko da yake zogale in ya yi yawa sai ya kawo ɗaci, ya mai da burodin kore shar. Ɗanyar tafarnuwa da kanumfari da girfa kuwa suna rage wa yis ƙarfi, shi ya sa ake sa su kaɗan, ko a soya tafarnuwar a mai a shafa wa curin bayan an sauke. Busasshen ganye ya fi ɗanye ƙarfi, kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aunin ɗanye ya isa.

Sai alkama. Abin da ke sa ƙulli ya tashi ya tsaya shi ne danƙon da ke cikinta, wanda ke riƙe iskar da yis ke fitarwa. Masara da dawa da gero, waɗanda su ne arzikin wannan yanki, ba su da wannan danƙo. Ana iya surka fulawa da garinsu, amma in surkin ya wuce kashi ɗaya bisa biyar, curin zai fito a daskare, yana marmashewa a hannu. Ita kuwa alkama sanyin hunturu da ban ruwa take so, shi ya sa aka fi samun ta a Kadawa da kwarin Haɗejiya da Bakolori. Mafi yawan wadda ake ci a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. Gwamnatin Babangida ta hana shigowar a 1987 don a noma ta gida, noman bai cike gurbin ba, aka janye hanin a 1992. Ke nan farashin mudun fulawa a kasuwar ƙauye canjin dala yake bi, ba daminar bana ba. Ga kuma rashin tsaro da ya sa ɗauko kaya a hanyoyin yankin ya ƙara tsada.

Wuta kuma wata jarrabawa ce. Waina da funkaso a idon mai yi suke nuna, tana gani tana juyawa. Burodi a rufe yake gasuwa. Inda babu murhun lantarki ko na gas, dabarar da aka sani ita ce a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a bari ya yi zafi, a ɗora faranti bisa duwatsu uku, a jera curin da tazara, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Burodi na son zafin da ya kai digiri 190 zuwa 200, ga shi ba ma'auni, sai a barbaɗa ɗan gari a faranti: in ya yi ja a hankali wuta ta yi, in ya yi baƙi nan take a rage gawayi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika wutar ƙasa, gindi ya ƙone alhali ciki ɗanye ne.

Yanayi ma na da hannu. A bazara ƙulli kan ninka cikin ƙasa da sa'a guda, in aka yi sakaci ya yi tsami. A hunturu sai ya yi nawa, iska ta busar masa da fata, dole a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye kusa da murhu. Mai toya wainar da ke kwana da ƙullinta ta riga ta san wannan lissafi, domin da ido da hanci take gane ya tashi.