Matasa a taron COP: ƙofofin shiga, iyakar murya da rabon Sakkwato

Matashin da ke noman gero a Danchadi, cikin ƙaramar hukumar Bodinga, ba ya buƙatar a karanta masa ma'anar sauyin yanayi. Yana ganinsa a makarar damina da tsananin bazara. Jihar Sakkwato na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare kwararowar hamada. Sai dai muhawarar kuɗin irin wannan aiki a can nesa ake yin ta, a taron COP na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yi shekara-shekara.

Yadda matasa suka sami kujera

An fara babban taron matasa kan yanayi, COY, a 2005 a birnin Montreal na Kanada, kuma ana yin sa ne gab da buɗe COP. A 2009 aka ba gamayyar matasa ta YOUNGO matsayi na wucin gadi, aka tabbatar da shi a 2011. A COP27 na Masar, a 2022, aka keɓe wa yara da matasa rumfarsu karon farko. A wannan taron ne kuma aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa.

Ƙofofin shiga

Hanyoyin da aka fi bi uku ne. Ta farko ita ce tawagar gwamnati, wadda ita kaɗai ke zaman ciniki da sunan ƙasa. Ta biyu ita ce katin ɗan sa ido, wanda ake samu ta hannun ƙungiyar da sakatariyar yarjejeniyar ta yi wa rajista. Ta uku kuwa tarukan share fage ne na cikin gida, LCOY, inda ake tattara buƙatun da za a zuba cikin sanarwar matasan duniya.

Ɗan sa ido na iya yin jawabi da miƙa takardar buƙatu, amma ba shi da hannu a yanke hukunci. Gwamnatoci ne ke yin wannan bisa amincewar kowa. A COP29 na Baku, a 2024, an tsayar da dala biliyan 300 a shekara nan da 2035 ga ƙasashe masu tasowa, adadin da wakiliyar Najeriya ta yi tir da shi a zauren taron.

Wa ke zuwa?

A COP28 na Dubai, a 2023, an yi rajistar mutum 1,411 da sunan Najeriya. Da surutu ya yi yawa, Ministan Yaɗa Labarai Mohammed Idris ya ce 422 ne gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyinsu. Ga wanda ba ya cikin waɗannan, katin shiga ba ya zuwa da tikitin jirgi ko kuɗin masauki. Haɗe da fasfo, da Turanci, da intanet mai ƙarfi, sharuɗɗan sun fi dacewa da ɗan Abuja ko Legas fiye da ɗan Danchadi ko Shagari, alhali na ƙauyen ne hamada ke cin gonarsa.

Abin da za a iya bi a gida

Dokar Sauyin Yanayi da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta kafa majalisar ƙasa kan yanayi, ta kuma tanadi wakilcin matasa a cikinta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar tarayya, wadda ke da kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar matasa a Bodinga na iya neman sunayen 'yan tawaga, da ma'aunin zaɓensu, da kuɗin da aka kashe, da rahoton da suka miƙa bayan sun dawo.