Daidaita Albashin Mata da Maza a Birtaniya: Inda Doka Ta Kai da Inda Ta Gaza

Giɓin albashi tsakanin maza da mata, wato ratar da ake samu idan aka kwatanta matsakaicin abin da maza ke karɓa a kowace awa ta aiki da abin da mata ke karɓa, ya sha bamban da laifin biyan mace ƙasa da namiji a kan aiki iri ɗaya. Rashin rarrabe waɗannan biyun ne yake sa gwamnati ta ɗauka ta sauke nauyi da zarar ta haramta laifin, alhali kuwa tushen ratar yana cikin darajar da ake bai wa aikin mata da kuma yadda haihuwa ke sauya tafiyar aikinsu.

A shekarar 1968 mata masu ɗinka rigunan kujerun mota a masana'antar Ford da ke Dagenham suka shiga yajin aiki, saboda an sanya ɗinkinsu a rukunin ayyukan da ba sa buƙatar ƙwarewa sosai. Ministar ƙwadago ta lokacin, Barbara Castle, ta shiga tsakani, kuma ita ce ta jagoranci kafa dokar daidaita albashi ta 1970, wadda ta fara aiki a 1975. Sai dai dokar ta fi karkata ga aiki iri ɗaya, ga shi kuwa ba kasafai mata da maza suke haɗuwa a sana'a ɗaya ba, don haka sai a 1983, bayan hukuncin Kotun Turai, aka shigar da ƙa'idar aiki mai daraja ɗaya, wadda ke ba mai dafa abinci damar kwatanta wahala da ƙwarewar aikinta da na mai kwashe shara. Abin takaici, matan Dagenham ɗin ba su samu an amince da ƙwarewarsu ba sai bayan wani yajin aikin da suka yi a 1984.

Birnin Birmingham ya nuna tsadar sakaci da wannan ƙa'ida. Hukumar birnin ta daɗe tana biyan ƙarin kuɗi ga masu kwashe shara da sauran ayyukan da maza suka mamaye, tana hana masu girki da masu goge-goge da masu kula da tsofaffi, waɗanda galibinsu mata ne, kuma a watan Satumban 2023 ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, a lokacin da bashin haƙƙin matan aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Wannan kuɗi haƙƙi ne da aka danne shekara da shekaru, kuma zalunci ne a ɗora wa matan alhakin durƙushewar asusun birnin.

Tun 2017 doka ta tilasta wa duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 250 zuwa sama ta wallafa ratar albashinta kowace shekara, matakin da ya fito da abin da ake ɓoyewa fili, amma bai ɗora hukunci a kan girman ratar ba. Ƙasar Aisland ta fi zurfafawa, domin a 2018 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 25 zuwa sama su nuna shaidar cewa tsarin albashinsu babu wariya, wato nauyin kawo hujja ya koma kan mai biyan albashi.

Duk da haka, binciken Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ya nuna cewa ratar tana buɗewa sosai ne bayan haihuwar ɗan fari, saboda ayyuka masu tsoka suna saka wa wanda ke iya doguwar awa a kowane lokaci, mace kuwa ita ce ke rage aiki don reno. A nan ne Birtaniya ta fi rauni, domin hutun haihuwa da doka ta keɓe wa uba mako biyu ne kacal, yayin da Aisland tun shekarar 2000 ta kafa dokar ware wa uba watannin da ba zai iya miƙa wa uwa ba.