Baka Daidai Hannun Mai Shi

Bahaushen unguwannin Adjamé da Treichville a Kwaddibuwa ɗan kasuwa ne, yaransa kuwa a talabijin suka fi ganin baka. Ko dozo, maharban Kwaddibuwa, bindiga suke saɓawa. Amma mu da muka fito daga gidan maharba mun san abin da gwafar icen nan ta taɓa yi. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu kaɗan ne, 'yan baka ne suka tare mahayan Yunfa na Gobir. A Lugu, cikin 1899, da kibau masu dafi mutanen Sarauniya Mangu suka tarbi rundunar Faransa. Bindigar Turawa ce ta raba baka da fagen yaƙi, ya koma daji hannun Sarkin Baka da yaransa.

Iyayenmu ba su san inci ba, amma ba sa ba wa yaro baka da ka. Za a ce ya ɗana kibiya ya ja. Idan kafaɗarsa ta ɗaga ko hannunsa ya kama rawa, sai dattijo ya karɓe: "Ɗana, wannan ya fi ƙarfinka." Ba a jayayya. Kyauron ma da hannun mai harbin ake gwada shi kafin a yanke, domin gajeriyar kibiya kan zame daga jikin baka ta soki hannun mai riƙon. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu, ja ɗinmu kuma gajere ne, don aikin kashewa na dafin kwankwani ne. Maharbi sanɗa yake yi har ya matso, ya saki, sannan ya bi sawu. Lobi na wajen Buna, a arewa maso gabashin Kwaddibuwa, su ma da kibiya mai dafi suka yi suna.

Bakan gasa wani abu ne daban. A Olamfik daga mita 70 ake harbi, babu dafin da zai rufa wa mutum asiri, dole ja ya cika har tsarkiya ta taɓa haɓa, kullum a wuri ɗaya. Masu koyarwa kan ce ka ware hannuwa, a auna daga yatsa zuwa yatsa, a raba da 2.5, a samu tsawon janka. Ƙarfin baka kuma a ja na inci 28 ake rubuta shi. Da irin bakan gasar nan Philippe Kouassi ya wakilci Kwaddibuwa a Olamfik na Landan a 2012 da na Riyo a 2016.

Lissafin nan mafari ne kawai, ni dai na fi yarda da idon dattijo. Saurayi kan ɗauki baka mai tauri don a ce da shi namiji, sai ya kasa cika ja, kafaɗa ta yi ciwo. Malam, idan za ka saya wa ɗanka, zaɓi wanda zai ja ya riƙe ba tare da rawar hannu ba.