Yaƙi da aƙidar 'yan Nazi a intanet a ƙasar Jamus

Yaƙi da aƙidar 'yan Nazi a intanet a ƙasar Jamus ya ƙunshi ayyukan da ƙungiyoyin farar hula, 'yan jarida, lauyoyi da hukumomin gwamnati ke yi domin daƙile yaɗuwar ƙyamar baƙi, ƙin jinin Yahudawa da Musulmi, da ra'ayin fifita farar fata a kafafen sada zumunta. Aikin ya ƙara ƙarfi ne daga shekarar 2015, lokacin da masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shiga ƙasar, kalaman ƙiyayya kuma suka yawaita a Facebook da Twitter. Hanyoyin da ake bi sun haɗa da bin diddigin ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi, mayar musu da martani a bainar jama'a, taimaka wa waɗanda aka ci zarafinsu su je kotu, da tilasta wa kamfanonin intanet goge abin da ya saɓa wa doka. Kowace hanya tana da nasarorinta, tana kuma da masu sukarta.

Asali

Farkisanci aƙida ce ta mulkin kama-karya da tsananin kishin ƙabila, wadda Benito Mussolini ya hau mulki da ita a Italiya a 1922. A Jamus jam'iyyar Nazi ta Adolf Hitler ce ta ɗauki irin wannan tafarki, ta yi mulki daga 1933 zuwa 1945. Tun kafin Hitler ya karɓi mulki, jam'iyyar kwaminis ta Jamus ta kafa wata ƙungiya mai suna Antifaschistische Aktion a 1932 domin adawa da 'yan Nazi. Daga sunan wannan ƙungiya aka samo kalmar Antifa, wadda a yau ake kiran ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu da ita a ƙasashe da dama, ba tare da suna da shugaba ɗaya ko hedikwata ɗaya ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949 ya sanya kare mutuncin ɗan Adam a sashensa na farko, ya kuma tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 5. Sai dai dokar manyan laifuka ta yi wa wannan 'yanci iyaka. Sashe na 86a ya haramta nuna alamomin ƙungiyoyin da aka soke, kamar tambarin 'yan Nazi, sashe na 130 kuma ya haramta tunzura jama'a a kan wata ƙabila ko wani addini. Tun 1994 musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har na shekara biyar. Waɗannan dokoki ne suka bambanta Jamus da Amurka, inda tsarin mulki ya kare mafi yawan irin waɗannan kalamai.

Yadda masu tsattsauran ra'ayi ke amfani da intanet

Sababbin 'yan Nazi na Jamus sun rungumi kwamfuta da wuri. A 1993 sun kafa wata hanyar musayar saƙonni mai suna Thule-Netz, wadda ake shiga ta layin tarho. Daga baya shafin Altermedia ya zama babban dandalinsu, har ma'aikatar cikin gida ta haramta shi a watan Janairun 2016. Bayan nan harkar ta koma manyan kafafen sada zumunta da manhajoji irin su Telegram da Discord.

Gabanin zaɓen majalisar dokoki na 2017, wata ƙungiya mai suna Reconquista Germanica ta tsara dubban mabiyanta a Discord, da muƙamai irin na soja. Shugabanninta kan ba da umarni a wani lokaci da aka tsayar a yi wa wani ɗan siyasa ko ɗan jarida rubdugu da zagi, ko a cika wani maudu'i da saƙonni ta shafukan bogi. Manufar ita ce mai karatu ya ɗauka cewa ra'ayin nasu shi ne na mafi yawan jama'a. Wani bincike da cibiyar ISD ta Landan ta fitar a 2018 tare da ƙungiyar #ichbinhier ya nuna cewa kashi 5 cikin 100 na shafukan da aka duba su ne suka danna rabin alamomin nuna goyon baya ga sharhin ƙiyayya a Facebook. Wasu masana tattalin arziki biyu, Karsten Müller da Carlo Schwarz, sun gano cewa hare-hare a kan 'yan gudun hijira sukan ƙaru a garuruwan da ake yawan amfani da Facebook a lokutan da rubuce-rubucen ƙyamar baƙi suka yawaita.

Wasu kashe-kashe uku sun sa hukumomi sun ɗauki batun da muhimmanci. Walter Lübcke, shugaban gwamnatin yankin Kassel kuma ɗan jam'iyyar CDU, ya kare karɓar 'yan gudun hijira a wani taron gari a 2015. An sanya bidiyon jawabinsa a intanet, aka shafe shekaru ana yi masa barazana, sannan a farkon watan Yunin 2019 wani ɗan Nazi ya harbe shi a gidansa. A ranar 9 ga Oktoban 2019 wani ɗan bindiga ya yi yunƙurin kutsawa wurin ibadar Yahudawa a birnin Halle, da ya kasa sai ya kashe mutum biyu a kusa da wurin, yana yaɗa harin kai tsaye a Twitch. A ranar 19 ga Fabrairun 2020 kuma wani ya kashe mutum tara masu asali da ƙasashen waje a birnin Hanau, bayan ya wallafa ra'ayoyinsa na wariyar launin fata a shafinsa.

Bincike da faɗakarwa

Gidauniyar Amadeu Antonio, wadda aka kafa a 1998, tana cikin ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan fage. An sanya mata sunan wani ma'aikaci ɗan ƙasar Angola da wasu matasa masu wariyar launin fata suka yi wa dukan da ya yi ajalinsa a garin Eberswalde a 1990. Gidauniyar ce ke gudanar da shafin da jaridar Die Zeit ta buɗe a 2008 da sunan Netz gegen Nazis, wanda aka sauya wa suna zuwa Belltower.News a 2017. Shafin yana bayyana ma'anar alamomi da kalmomin sirri da masu tsattsauran ra'ayi ke amfani da su, domin iyaye, malamai da masu kula da shafuka su gane su. Alal misali, lambar 88 tana nufin gaisuwar Hitler, saboda H shi ne harafi na takwas a jerin haruffan Jamusanci.

Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyin Antifa da ke tattara hotunan tarukan 'yan Nazi, suna gano mahalarta da alaƙar da ke tsakaninsu. 'Yan jarida sukan yi amfani da irin waɗannan bayanai.

Mayar da martani

A watan Disamban 2016 Hannes Ley, mazaunin Hamburg, ya buɗe zauren #ichbinhier a Facebook, wato “ina nan”. Ya kwaikwayi wani zaure ne na ƙasar Sweden mai suna #jagärhär, wanda 'yar jarida Mina Dennert ta kafa a wannan shekarar. Tsarin aikin mai sauƙi ne. Masu kula da zauren sukan nemo labaran manyan kafafen yaɗa labarai da sharhin ƙiyayya ya mamaye, su sanar da mambobi. Mambobin sai su je su rubuta sharhi na hankali da hujja, ba zagi, su kuma danna wa junansu alamar goyon baya. Da yake Facebook yana ɗaga sharhin da ya fi samun karɓuwa zuwa sama, sai kalaman ƙiyayyar su gangara ƙasa. Abin da ake nema shi ne dubban masu karatu da ba sa cewa komai su ga akwai wani ra'ayi, ko da mai zagin bai sauya tunani ba. Zauren ya tara mambobi dubun-dubata, ya kuma samu lambar yabo ta Grimme ta ayyukan intanet a 2017.

A watan Afrilun 2018 ɗan barkwancin talabijin Jan Böhmermann ya ƙaddamar da Reconquista Internet domin fuskantar Reconquista Germanica da irin tsarinta. An soki wannan yunƙuri saboda jerin sunayen shafukan da ya fitar domin a toshe su, inda wasu suka ce an haɗa da masu ra'ayin mazan jiya da ba su da alaƙa da 'yan Nazi.

Juya ƙiyayya ta zama gudummawa

Ƙungiyar EXIT-Deutschland tana taimaka wa masu son ficewa daga ƙungiyoyin 'yan Nazi, ta hanyar ba su shawara, kariya, da taimakon soma sabuwar rayuwa. Tsohon jami'in 'yan sanda Bernd Wagner da tsohon jagoran 'yan Nazi Ingo Hasselbach ne suka kafa ta a 2000, kuma ɗaruruwan mutane sun fice ta hannunta.

A watan Nuwamban 2014 ƙungiyar da mazauna garin Wunsiedel sun shirya wa 'yan Nazi wata dabara. 'Yan Nazi sun saba yin maci a garin duk shekara, domin a nan aka binne mataimakin Hitler, Rudolf Hess, kafin a tone kabarin a 2011. Masu ba da gudummawa sun yi alkawarin Yuro 10 ga EXIT a kan kowace mita da masu macin suka taka. Da aka kammala, masu macin sun tara wa ƙungiyar da ke raba mutane da aƙidarsu Yuro 10,000 ba da son ransu ba. Bidiyon abin ya bazu a duniya.

A 2015 aka kawo wannan dabara intanet da sunan Hass hilft, wato “ƙiyayya na taimakawa”. Duk sharhin ƙiyayya da aka gano, sai a ba da Yuro 1 ga EXIT da ayyukan tallafa wa 'yan gudun hijira, a kuma rubuta wa mai sharhin godiya a ƙarƙashin kalamansa.

Taimakon shari'a

HateAid, wadda aka kafa a Berlin a 2018, tana ba wa waɗanda aka ci zarafinsu a intanet shawara, tana kuma ɗaukar nauyin shari'a. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Renate Künast, wadda a lokacin 'yar majalisa ce daga jam'iyyar masu rajin kare muhalli. A 2019 wata kotun Berlin ta ce munanan zage-zagen da aka yi mata a Facebook suna cikin 'yancin faɗin ra'ayi. Kotun Tsarin Mulki ta Tarayya ta soke wannan matsayi a hukuncin da aka bayyana a watan Fabrairun 2022, tana mai cewa kare mutuncin 'yan siyasa yana cikin maslahar jama'a, domin in ba haka ba mutane za su guji shiga harkokin jama'a.

Dokoki

A 2017 majalisar dokoki ta amince da dokar NetzDG, wadda ministan shari'a Heiko Maas ya gabatar. Dokar ta shafi kafafen da ke da masu amfani fiye da miliyan 2 a Jamus. Ta wajabta musu goge abin da ya saɓa wa doka ƙarara cikin awa 24 bayan an kai ƙorafi, sauran kuma cikin kwana bakwai, tare da tarar da ke iya kaiwa Yuro miliyan 50. A 2019 an ci Facebook tarar Yuro miliyan 2 saboda bai bayyana cikakken adadin ƙorafe-ƙorafen da ya samu ba, a 2022 kuma aka ci Telegram tarar fiye da Yuro miliyan 5. Bayan kisan Lübcke da harin Halle, an yi wata doka a 2021 da ta tsaurara hukuncin zagi da barazana a intanet. Tun 2016 hukumar 'yan sandan tarayya takan ware ranaku na musamman da ake binciken gidajen waɗanda ake zargi da wallafa kalaman ƙiyayya.

Daga watan Fabrairun 2024 dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet, wadda aka fi sani da DSA, ta soma aiki gaba ɗaya, ta maye gurbin mafi yawan tanade-tanaden NetzDG. Tana ba da damar cin manyan kamfanoni tarar da ta kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na shekara a duniya.

Suka da muhawara

Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Human Rights Watch sun soki NetzDG da cewa ta miƙa wa kamfanoni aikin alƙalai, kuma tsoron tara zai sa su goge har abin da doka ta halatta. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da abin da ya faru a watan Janairun 2018, lokacin da Twitter ya dakatar da shafin mujallar barkwanci ta Titanic saboda ta kwaikwayi kalaman wata 'yar jam'iyyar AfD domin yi mata ba'a. An kuma nuna damuwa cewa gwamnatocin kama-karya suna fakewa da dokar Jamus wajen yin nasu dokokin toshe bakin 'yan adawa. Masu goyon bayan dokar sun ce barazanar da ake yi wa 'yan jarida da 'yan siyasar ƙananan hukumomi ita ma tana hana mutane magana.

Akwai muhawara a kan hanyoyin wasu 'yan Antifa, musamman wallafa suna, hoto da adireshin wanda ake zargi da zama ɗan Nazi. Masu suka sun ce hakan ɗaukar doka a hannu ne, yana iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, yana kuma share fagen kai hari. A watan Agustan 2017 gwamnati ta haramta shafin linksunten.indymedia na masu tsattsauran ra'ayin gurguzu, bisa zargin yana yaɗa kiraye-kirayen tashin hankali. Hukumar tsaron cikin gida ta Jamus tana sa ido a kan ɓangarorin Antifa da ke amfani da ƙarfi, yayin da ƙungiyoyi irin su #ichbinhier da HateAid ke aiki cikin doka.

Wata matsalar ita ce ƙaura. Idan aka rufe shafin wata ƙungiya a Facebook ko YouTube, masu bibiyarta sukan ragu ƙwarai, amma waɗanda suka fi riƙo da aƙidar sukan bi ta zuwa Telegram da wasu ƙananan dandali, inda sa ido ya fi wuya kuma babu mai mayar musu da martani.